Jan Zare a Farar Riga

Duk ƙauyen nan na bayan garin Andong an san Sun-rye ba a ba ta shawara. In ka ce mata ga hadari, lokacin za ta fito da barkono ta shanya. Mijinta Deok-su ya san halinta tun suna ango da amarya, amma da yanar ido ta fara rufe mata gani, tsoro ya mantar da shi abin da ya sani. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya sa 'yarsu Mi-ran ta bugo waya daga Seoul tana kuka. Likita ya ce aikin ba wuya, amma in aka yi ta jan ƙafa idon zai tafi gaba ɗaya. Ita kuwa ta kafe a kan idonta ƙalau, fitilun yanzu ne ba su da haske, kuma ba a haifi yaron da zai sa mata wuƙa a ido ba.

Ranar da ta zuba masa sukari a miyar kabeji a madadin gishiri, ya shanye tas har da neman ƙari. Da ya fita bayan gida wajen tulunan kimchi, kabejin da suke jiƙawa ya yi tsami, sai da ya share hawaye, don yana son matar nan da duk taurin kanta.

Washegari ya je wurin Gil-ja, aminiyar Sun-rye kuma abokiyar kartarta a zauren tsofaffi. Ita ma yanar ce ke damunta, sai dai tuni ta yarda ɗanta ya kai ta asibiti. Deok-su ya roƙe ta ta janye yardar, da baki kawai. Gil-ja ta yi dariya har da tari, ta ce ashe tsufa ya koya masa makirci.

Da ya dawo, yana cire takalmi a bakin ƙofa, ya ce kamar ba komai, "Maman Mi-ran, kin ji Gil-ja ta ƙi aikin ido? Ni dai na ce a ƙyale ta. Tsohuwa kamarta, me ya rage ta gani?"

"Ji wata magana. Kai me ya rage ka ci, da ba ka bar cin abinci ba?"

Kafin shayinsa ya huce ta ɗauki sandarta, ta nufi gidan Gil-ja. Laifi tudu ne, in ji masu magana, ka taka naka ka hango na wani. Gil-ja ta jero mata uzurori, kuma duk na Sun-rye ne, Deok-su ne ya haddace mata su: fitilu ba haske, likitocin yara ne, wuƙa a ido. Sun-rye ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta rushe. Ta ce fitila ba ta da laifi. Ta ce yaran sun yi wa ɗaruruwa. Ta tambaye ta ko tana so jikanta ya yi aure ta riƙa shafa fuskar amarya da hannu kamar mai zaɓen kankana. Kullum sai ta koma da sabuwar hujja, kuma Deok-su ya lura ta daina zagin fitilar ɗakin girki.

Daga ƙarshe Gil-ja ta ce, "Baki dai gare ki, 'yar nan. In babu tsoro, ke ki fara mana."

"Zan fara ɗin. Don ke, matsoraciya, ba don idona na da wani abu ba."

Aka yi aikin. Da aka cire mata audugar, Deok-su yana tsaye a gefen gado cikin farar rigarsa ta fita unguwa. Ta ƙura masa ido ta daɗe. Ta ce ya tsufa, kuma ba wanda ya gaya mata. Sannan ta sanar da Mi-ran, wadda ta zo daga Seoul, cewa dama ita ta yanke shawarar zuwa tun tuni, surutunsu ne ya jinkirta ta. Deok-su ya ce haka ne.

Sai idonta ya sauka a ƙirjinsa. Maɓallan rigar an ɗinke su da jan zare, a karkace, ɗaya ma ba irin sauran ba ne.

"Wane makahon ne ya yi maka wannan aika-aika?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon maɓallan. Mi-ran ta juya tana kallon taga.

Sun-rye ta kama maɓallin da yatsu biyu. Ta tuna ranar da ta zauna a bakin ƙofa tana laluben kafar allura, tana cewa ba ta bukatar taimakon kowa. Da rigar nan ya je kasuwa, da ita ya je bikin ɗan ƙanensa.

"Cire ta in mun koma gida, in gyara," ta ce.

"A'a," in ji Deok-su. "Ki bar min ita haka."

Karon farko tun aurensu, aka gaya mata abu ta ji.