Akuyar da Malam Boukari Ya Ƙi Yankawa

Duk Bahaushe ko Bazabarmen da ke Greensboro, in dai an yi masa haihuwa ko ya yi layya cikin shekara goma sha biyar ɗin nan, to ya ci nama daga hannun Malam Boukari. Shi ba mahauci ne na gado ba, makiyayi ne. A wani ƙauye kusa da Dogondutsi ya tashi, yana bin awakin kakansa tun bai iya ɗaure wando ba. Da rabo ya jefo shi Amurka sai ya zama mai tura kwalaye a wani babban sito na titin Wendover. Daga Litinin zuwa Juma'a ba wanda ya san sunansa, lambar da ke ƙirjin rigarsa ake kira. Ran Asabar kuwa, in ya naɗe wuƙaƙensa uku a tsohon zani ya nufi gonakin bayan gari inda ake sayar da dabbobi, shi ne Malam. Ko liman aka tambaya wa zai yi yanka, cewa yake, "Ku kira Boukari."

Wani direban babbar mota ɗan Maraɗi, Mamane, shi ya jawo akuyar. Takardar zamansa ta fito bayan shekara tara yana jira, ya ce zai yi sadaka. Don ɗoki sai ya riga Boukari isa gona, ya zaɓi wata jar akuya mai faɗin ciki, aka gama ciniki. Boukari ya zo ya durƙusa, ya shafa ta, ya danna gefenta na dama. Sai ya miƙe ya mayar da wuƙa cikin zani.

"Mamane, wannan ba ta yankuwa. Ciki gare ta, bai fi sati uku ya rage ba."

"Haba Malam, ƙiba ce. Baturen da ke da gonar ya ce ci gare ta."

"Kai ma ci gare ka, amma ba abin da ke shuri a naka."

Mai gonar ya ce abin da aka saya an saya, a kwashe masa dabba daga fili. Mamane kuwa a hawa na uku yake haya, inda ko kyanwa sai an sa hannu a takarda. Haka jar akuya ta shiga bayan motar Boukari ta taho unguwar Glenwood.

Matarsa Oumou ta tsaya a ƙofar kicin ta riƙe ƙugu. "Malam, nan fa ba Dutsi ba ne. Garin da kaza ma sai an ƙidaya maka?"

"Sati uku ne, Oumou. Ta haihu in kai su gonar wani."

Ya fitar da injin yankan ciyawa daga ɗan ɗakin katako na bayan gida, ya shimfiɗa mata harawa. Ya san an hana. Ya dai ga cewa tsakanin karya dokar gari da yanka mai ciki, ɗaya ta fi ɗaya nauyi.

Naƙuda ta zo mata ran Asabar bayan azahar. Ta fito tsakar bayan gida ta kwanta, ta tashi, ta sake kwantawa, tana kuka kamar mutum. Boukari ya duba ya ga ƙafa ɗaya ce ta leƙo, kan ɗan ya karkace a ciki. Ya yi abin da kakansa ya koya masa, abin da ya yi ya fi sau ɗari a daji. Ya tuɓe riga, ya wanke hannu da sabulu har gwiwa, ya shafa man gyaɗa, ya durƙusa a bayanta ya danne ta, ya sa hannu yana laluben kan ɗan.

Gidan da ke maƙwabtaka da su ɗaliban jami'a ke haya. Wata daga cikinsu ta ji kukan ta leƙo ta tagar bene. Abin da ta hango ta baya shi ne tsoho ba riga, durƙushe a bayan dabba, ya danne ta tana ihu. Ta ɗauka a waya, bai kai minti ɗaya ba, ta kasa ci gaba da kallo ta kira 'yan sanda. Da ta ƙara haƙurin minti biyar da ta ga ɗan ya fito.

Ya fito ɗin, amma ba rai. Boukari ya haƙa rami a gindin shinge ya binne shi, ya ba uwar ruwan ɗumi da dussa, ya wanke jikinsa. Yana ɗaura alwalar la'asar motoci biyu suka tsaya a ƙofar gida.

Turancinsa na sito ne: ɗauki, ajiye, hagu, dama. Ya ji suna ta maimaita akuya, ya ce a ransa ai shi ke nan, maganar ajiye dabba a gari ce. Sai ya yi tunanin in ajiye ta laifi ne, to binne ɗanta a filin gidan haya wani laifin ne a kai. Don haka da suka tambaye shi me yake yi mata ɗazu, ya sunkuyar da kai ya ce ba komai. Suka sake tambaya, ya sake cewa ba komai. Aka sa akuya a mota mai keji, shi aka sa shi a ɗayar.

Kwana ɗaya ya yi a can Mamane ya fito da shi, kuma har ya fito bai san me ake zarginsa da shi ba. Sai ran Litinin, a ofishin wata lauya 'yar Kafanchan, Barista Scholastica, wadda Hausa ke bakinta kamar ruwa. Ta rufe ƙofa, ta juyo masa da fuskar kwamfuta, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, sai ka kalla."

Ya kalla. Ya ga bayansa, ya ga furfurar ƙeyarsa. Da farko bai ga komai ba sai mutum yana ceton dabba. Can sai ya gani da idon wadda ta ɗauka, ya ji ɗakin ya matse.

"Inna lillahi. Barista, ni? Da jikokina?"

"Na san ba haka ba ne, Baba. Amma abin da aka rubuta ke nan, wai lalata ka yi da dabba. A jihar nan babban laifi ne, yana cikin littafi tun zamanin kakanninsu, kuma in ya tabbata a kan baƙo har takardar zamansa yana iya taɓawa. A Najeriya shekara goma sha huɗu doka ta yanka. Akwai ƙasashen da ba su ma ba shi suna ba, sai dai su kama mutum da cutar da dabba. Kowa da yadda ya ɗauke shi. Ku a Nijar fa?"

"Ban san abin da ke littafin gwamnati ba," in ji Boukari. "Ni dai ban taɓa ganin an kai wani gaban alƙali a kan wannan ba. Sau ɗaya aka faɗe shi a kan wani a garinmu ina saurayi. Ba wanda ya taɓa shi ko da tsinke. Ya bar gari, har yau in yara za su zagi juna sunansa suke kira."

Ya ba ta labarin naƙudar da ramin gindin shinge. Ta dafe kai. "Baba! Me ya hana ka faɗa musu tun a ranar?"

"Na ɗauka binnewar ma laifi ce."

Daga nan ta ɓangaren hukuma abin bai yi wuya ba. Likitan dabbobi ya duba akuya ya rubuta cewa sabuwar haihuwa ce, aka zo aka tona ramin aka ga ɗan. Sai dai kafin a yi haka yarinyar ta riga ta saka hoton a intanet, daga can ya faɗa wayar wani ɗan Nijar, daga wayarsa ya shiga zauren WhatsApp na 'yan ƙasa. Kafin Juma'a ya kai Yamai. Kafin wata Juma'ar yayarsa ta aiko masa da saƙon murya daga ƙauye, rabinsa kuka, ƙarshensa tana cewa kada ya zo bana, ya bari ƙura ta lafa.

Bayan wata biyu Barista ta kira shi ta miƙa masa takarda guda. An janye ƙara. Tarar ajiye akuya kawai zai biya.

"To yaushe za a shiga gaban alƙali?"

"Ba za a shiga ba, Baba. An gama."

"A'a. Ina so a tara mutane, likitan nan ya tashi ya faɗa da bakinsa, alƙali ya ce Boukari bai yi ba."

"Ba a roƙon shari'a bayan an saki mutum. Ka ga nan, an sa alama a wannan akwatin. Shi ke nan."

Ya kalli ɗan akwatin, bai kai ƙwayar wake ba.

A sito kuwa, inda aka dakatar da shi, takardar ta yi aiki. Shugabansu ya duba ta, ya buga kwafi, ya ce ya koma kan layinsa, kuma daga ranar ba Baturen da ya sake kallonsa sau biyu. A wurinsu abin ya mutu. A masallaci ne bai mutu ba. Ba wanda ya zage shi. Ana gaishe shi, har da tambayar iyali, amma da kan yatsu ake ba shi hannu. In an tayar da salla sai ya ji iska tana ratsa kafaɗarsa ta dama da ta hagu. Wayarsa da takan dame shi tun daren Alhamis ta yi tsit. Ya ji labari wani mai tasi, Faïçal, shi ke yanka yanzu, mutumin da ke huda fata wuri uku kafin ya gama fiɗa. Oumou ta dawo daga wani biki ta gaya masa abin da ta ji a bayanta: wai Amurka ce, in kana da lauya ko kisa ka yi za ka fita.

"Mu koma gida, Malam," ta ce.

"Wane gidan? Can ɗin sun riga mu gani."

Mamane ne abin ya hana sukuni. Ya tashi a masallaci ya rantse cewa akuyarsa ce, kuma ciki gare ta tun daga gona. Aka ce Allah ya kyauta, aka watse. Da matarsa ta haihu a watan Satumba sai ya zo Glenwood da kansa.

"Malam, kai za ka yanka ragunan sunan nan. Biyu ne."

"Kada ka ɓata wa ɗanka suna, Mamane."

"Wallahi in ba kai ba, sai dai a ci shinkafa gaya. Bon, shi ke nan, na gama magana."

Boukari ya wasa wuƙaƙe. Ran suna da hantsi ya kwantar da ragunan a gona, ya fuskantar da su gabas, ya yi bisimilla. Ya feɗe su fata ba ko ƙwarzane, ya sassara, ya ware hanta da ƙoda gefe, aka kai wa mata. Ya koma gida ya sa farar shadda, ya ninke takardar Barista ya sa a aljihu. Niyyarsa liman ya karanta ta bayan addu'a, a fassara wa kowa.

A zauren da aka kama haya mutum ya fi ɗari. Hajiya Fassouma, uwar girkin duk wani taro a garin, ta jera farantan gwangwani a dogon tebur. Da can a cikin shinkafa take zuba nama. Yau shinkafa daban, naman rago daban a faranti huɗu, ga kuma wasu biyu cike da soyayyun kajin kanti.

"Hajiya, kaji kuma?" in ji Mamane.

"Saboda masu hawan jini ne, ɗana. Ka san zamani."

Boukari ya ja liman gefe ya nuna masa takardar. Liman ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya yi ƙasa da murya.

"Malam Boukari, wa ya ce ka yi? Nuna mini mutum ɗaya a nan da ya ce ka yi. In na karanta wannan a gaban mata da yara, ni na tayar da maganar da ba a yi ba. Ka bar wa Allah."

Boukari ya duba zauren. Gaskiya ne, ba wanda zai iya nunawa.

Aka raɗa wa yaro suna, aka shafa fatiha, aka hau layin abinci. Daga inda yake zaune yana ganin teburin. Kowa ya zo sai ya ɗebi shinkafa, ya tsallake faranti huɗu, ya ɗauki kaza. Ranar duk Greensboro hawan jini gare ta, har da samari masu buga ƙwallo. Liman ya ɗauki tsoka ɗaya ya ajiye a gefen farantinsa, tana nan har aka kwashe. Mamane ya cika nasa da rago ya zauna a tsakiyar mutane yana ci da ƙarfi, yana cewa, "Kai, naman nan! Ku ci mana!" Aka yi ta yi masa murmushi. Kaji suka ƙare ƙaf.

Da taro ya watse Hajiya Fassouma ta sa aka rufe farantan huɗu, aka biyo Boukari da su har mota.

"Malam, kai ka sha wahalar yanka, kai ya kamata ka tafi da shi. Kada a yi asara."

Ya buɗe mata bayan motar da kansa. Ya yi godiya.

Suka hau titi, ƙanshin nama ya cika motar. Suka wuce jami'a suka shiga layinsu. Ɗaliban gidan maƙwabta na zaune a baranda, ɗaya har ya ɗaga musu hannu. Boukari ya kashe mota, bai fita ba.

"Firjinmu ba zai ɗauki faranti huɗu ba," in ji Oumou.

"Na sani."

"To ya za mu yi da shi?"

Ya zare mabuɗi ya buɗe ƙofa.

"Ɗauko na hantar tukuna. Ita ce ba ta jira."