Sa Ɗaya Ba Ya Huɗa

Garmar tana kwance a kan iyakar gonakin biyu, jan fentinta ko ƙwarzanewa bai yi ba. Bayan ambaliya ta janye, ƙungiyar agaji ta zo da wata dabara: kowane magidanci sa ɗaya, maƙwabta biyu garma ɗaya. Wai dole ta sa a riƙa haɗa kai. Jami'ar da ta yi rabon, baiwar Allah, gona kusa da gona kawai ta duba, ta haɗa Dogo da Duna, ta tafi tana murna.

Ba wanda ya gaya mata cewa ranar da kogi ya cika, Dogo ne ya fasa jingar da ke tare ruwa don ya ceci gonarsa. Ruwan ya bi ta gidan Duna, ya tafi da matarsa, wadda ƙanwar Dogon ce uwa ɗaya uba ɗaya. Gonar Dogon ma ba ta tsira ba.

Yanzu laima na janyewa daga ƙasa. In ba a yi huɗa ba kafin ta bushe, 'ya'yan marigayiyar za su shekara da yunwa. Wannan kaɗai ya fito da Duna da sansa.

Suka ɗaura wa shanun karkiya, ba mai kallon wani.

"Mu fara da taka," in ji Dogo. "Saboda yaran."

"Yaran wa?"

"Yaran ƙanwata mana."

"Ashe kana da ƙanwa."

Dogo ya buɗe baki, amma addar da ke hannun Duna ta riga maganarsa. Dogo ya goce, sara ya sauka a agarar ƙafar sansa. San ya yi wani irin kuka, ya durƙushe, ya jawo ɗan'uwansa ƙasa. Mutanen biyu suka kaure cikin taɓo. Duna ya haye ƙirjin Dogo yana kirɓa masa naushi har haƙori ya fita, ya danna masa fuska cikin laka, ya ɗago, ya sake dannawa.

"Sha! Haka ta sha! Sha, na ce!"

Dogo bai rama ba, wannan kuwa ya fi komai ƙona wa Duna rai. Ya yi ta duka har hannuwansa suka mutu, sannan ya zauna a gefe yana haki, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

San da aka sara ba zai sake tashi ba. Dogo ya rarrafa, ya ɗauki addar, ya yi bisimilla, ya yanka abinsa. Jini ya bi ƙasar da ba a huɗe ba. Ya kwance gawar daga karkiya, ya tsaya yana duban gurbin. Sa ɗaya ba ya jan garma, kowa ya sani, har jami'ar.

Sai ya tuɓe riga, ya sunkuya, ya sa wuyansa a gurbin, kafaɗa da kafaɗa da san Duna.

"Kama garmar," ya ce, jini na zuba daga bakinsa. "Rana na yi."

Duna ya miƙe. Ya kama garmar da hagu, ya ɗauki bulala da dama. Ya daɗe yana kallon gadon bayan nan biyu da ke gabansa.

"Ja, Yaya," ya ce.

Huɗar farko ta fito a karkace, ba wanda ya koma ya gyara ta.