Wadda Ta Yi Jinyar Iya

Radiya ta faɗo gidanmu ko sallama babu, hijabinta a baibai.

"Yaya Tayyiba, Iya ta fita! Wanka kawai na shiga."

Na jefar da tsintsiya na zari mayafi. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu a Limancin Kona, kuma karo na huɗu ke nan a wannan watan. Iya Jamilatu, mahaifiyar Radiya, ta haura tamanin. Ƙafafunta garau suke, kanta ne ya ruɗe. Shekara uku ke nan tana tashi ta ce za ta kai wa babanta abinci gona, alhali baban ya rasu tun kafin a haife ni.

Muka bi lungu lungu muna tambaya. Sai gab da azahar wani ɗan acaɓa ya ce ya ga wata tsohuwa wajen Ƙofar Doka rungume da takalmanta. Can muka same ta a kan bencin mai rake, tana ba shi labarin gero, shi kuwa ya fere mata gaɓa ɗaya yana ta "To, Hajiya, to."

Radiya ta tsaya tana kallonta. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai na ga ta dafa kai, gwiwoyinta suka lanƙwashe. Da ban tare ta ba da ta fasa goshi a bakin kwalta.

A asibiti likitar, wata mai farin gilashi, ta auna jininta sau biyu don ba ta yarda da na farko ba.

"Ɗari da casa'in. Hajiya, tun yaushe kike ciwon kan nan?"

"Ya kwana biyu. Ina shan magani."

"Wane magani?"

"Na ciwon kai."

Likita ta ajiye biro. Ta tambayi wa ke taya ta kula da tsohuwar, Radiya ta ce Allah. Ta tambayi yaushe rabonta da zuwa biki ko suna, Radiya ta shiga lissafi har aka bar zancen.

"Zan rubuta miki magani," in ji likita, "amma ki sani ƙwaya ba za ta iya ita kaɗai ba. Jikin mutum in ya shekara uku a cikin fargaba, ba ya sanin an huta. Zuciya na ta gudu ko kina zaune. Kin kawo mini marar lafiya ɗaya a bakinki, ni kuwa biyu nake gani, kuma ke kika fi ba ni tsoro." Ta juyo gare ni. "Ke 'yar'uwarta ce?"

"Maƙwabciya."

"To ai kin fi kusa."

A cikin keke muna komawa, Iya a tsakiyarmu tana tsotsar rakenta, na ce wa Radiya za mu raba kwanaki. Ta girgiza kai.

"A ce uwata ta gagare ni har sai da unguwa ta taru? Yaya Abdulwahab ya ji wannan daga Fatakwal, me zai ce?"

"Ya ce abin da zai ce a waya. Shi ke mata wanka?"

"Ita ta yi mini, Yaya. Ba ta raba ni da kowa ba."

"Ƙarya kike. Ni na san goyonki har wurin kakata ya kai. Ita ce ma ta yaye ki."

Ta kalle ni, ta kau da kai. Ba ta ce e ba, amma ba ta sake cewa a'a ba.

Radiya ma'aikaciya ce a sakatariya. Da mijinta ya rasu ta dawo gida, ba a jima ba ciwon Iya ya soma. Kullum sai ta kulle tsohuwar da kwaɗo ta tafi ofis, ta dawo da rana a guje, ta sake komawa. Mukan ji Iya tana dukan ƙyaure ta cikin katanga, mu ce Allah ya kawo sauƙi, mu ci gaba da harkarmu. Wannan har yau yana damuna.

Mu uku muka ɗauka: ni Litinin da Alhamis, Ibtisam matar liman Talata da Laraba, Juma'a kuma wata ƙanwar maigidana. Sharaɗina ɗaya, ranar Asabar da yamma Radiya ta bar gidan, ko ina ne. Asabar ta farko ta je bakin titi ta tsaya ta dawo. Ta biyu ta je Tukur-Tukur wurin wata ƙawarta, ta kira ni sau biyar.

Ranar farko da na zauna da Iya na ji a jikina. Ta zage ni, ta ce na sace mata ɗankwali, ta nufi zaure sau ba adadi. Sai na tuna a zamaninta babu amaryar da za a kai a unguwarmu ba da dubulan ɗinta ba. Na kwaɓa fulawa na tura mata a faranti. Ta dube shi, ta dube ni.

"Wa ya kwaɓa wannan? Ya yi ruwa."

Ta ja farantin. Yatsun nan da ba sa iya ɗaura zani suka shiga murzawa suna naɗewa, ɗaya bayan ɗaya, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Har la'asar ba ta tambayi gona ba. In kuma tafiyar ta motsa, muka daina hana ta. Sai a riƙe mata takalmi a bi ta, a zaga ta bayan masallaci a dawo, a ce an kai abincin. Wani lokaci ta yarda, wani lokaci ta yi kuka.

Radiya ba ta warke lokaci ɗaya ba. Jinin ya sauka ya sake hawa. Wata ran ta shigo ɗakina ta zauna a ƙasa, ta ce jiya ta daka wa Iya tsawa har tsohuwar ta ɓuya bayan randa, ta ce ita wuta za ta shiga. Na bar ta ta yi kukanta, na dama mata kunu. Abin da ya fi cin ta shi ne Iya ta daina gane ta. Ni takan kira ni da sunan wata ƙanwarta, ta kira Ibtisam amarya, amma Radiya sai "matar nan mai makulli."

Wata bakwai muka yi a haka. Da damina ta tsaya Iya ta rage fita, sannan ta rage ci. Likita ta duba ta ta ce ba wani sabon ciwo, jiki ne ya gaji. Wata Laraba da yamma na leƙa na tarar Radiya tana shafa mata man zaitun a ƙafa. Iya ta zuba mata ido.

"Ke 'yar gidan wa ce?"

"'Yar gidan Jamilatu ce, Iya."

"Jamilatu." Ta ɗan yi tunani. "Ban san ta ba. Amma ki ce ina gaishe ta. Ta iya haihuwa."

Radiya ta yi dariya har ta kife a kan ƙafafun, kafaɗunta na rawa. Ban san inda dariyar ta ƙare ba.

Washegari Alhamis, ranata ce. Radiya ta yi jinkirin fita, na ce ta tafi, ai ga ni. Iya ta sha koko cokali huɗu, ta ce in shimfiɗa mata tabarma a inuwar darbejiya. Na zauna kusa da ita ina tsince shinkafa. Wajen sha ɗaya na ji numfashinta ya sake. Na ɗora kanta a cinyata ina karanta mata kalmar shahada, leɓɓanta na motsi, ban san ko bi take ba. Ta ja ɗaya mai tsawo, shi ke nan.

Na aika aka kira Malam Bala maigidana, shi ya buga wa Radiya waya. Kafin ta iso ina ta zargin kaina. Ni na ce ta tafi. Shekaru tana gadin wannan sa'a, ni na kore ta daga gare ta.

Ta shigo da jakarta a kafaɗa, ta durƙusa, ta buɗe fuskar. Ta daɗe tana kallo.

"Ta sha wahala?"

"Wallahi ko kaɗan."

"Ita kaɗai ce?"

"A cinyata."

"Alhamdu lillahi," ta ce. Ta kama hannuna ta matse. "Da a bara ne, a bayan kwaɗo zan same ta."

Bayan la'asar aka kai Iya makwancinta. Abdulwahab ya iso kwana biyu bayan nan, ya yi kuka sosai, ya yi mana godiya, ya koma bayan addu'ar bakwai.

Da baƙi suka watse na shiga da kibiya da mataji, don kan Radiya ya cukurkuɗe. Ta zauna a tsakar gida tsakanin ƙafafuna, na fara tsifa.

"Yaya, in faɗa miki wani abu, kada ki faɗa wa kowa."

"Ina ji."

"Ina kewarta. Amma ƙirjina sakayau. Da safe na tashi na ji kamar an sauke mini buhu. Har yunwa na ji, na ci tuwo malmala biyu, uwata ko kwana goma ba ta yi ba. Wace irin 'ya ce ni?"

Na ci gaba da tsagar da nake yi.

"Da babana ya cika bayan shekara biyu a kwance," na ce, "na shiga banɗaki na yi ajiyar zuciya, na gode wa Allah. Yau shekara goma sha tara, ke ce ta farko da na faɗa wa."

Ta ɗago za ta kalle ni, na mayar da kan.

"Tsaya mana, za ki ɓata mini layi."

Na yi kitso uku, na huɗu na kai rabi, sai na ji kanta ya yi nauyi a gwiwata. Na leƙa. Bakinta a ɗan buɗe, hannunta ya saki gefen zani ya kwanta a tabarma. Aka kira la'asar a masallacin unguwa, ba ta motsa ba. Na soke kibiyar a kaina, na jingina da bango, ina kore mata ƙuda da gefen mayafi.