Goyon Bakwaini

"Da saura," Inna ta ce, ta miƙa wa surukarta jaririn.

Ina tsaye a bakin ƙofa, raina ya ɓaci. Karo na nawa ke nan? Katanga ɗaya ta raba ni da Inna, kuma duk layinmu babu uwar da ke ɗora jariri a baya sai ta kawo mata shi ta duba. Takan kwantar da shi a cinya, ta kama hannayensa biyu ta ɗago a hankali. In kai ya biyo jiki, ta ce ya yi, ta fara goya shi da kanta. In ya langaɓe baya, ko uwar za ta yi kukan jini sai ta jira. 'Ya'yana duka a bayanta suka fara sanin goyo.

Wannan kuwa jikanta ne na fari, bayan shekarun da ɗanta direba ya yi babu haihuwa. Bakwaini ne, kai ya rinjayi jiki. Ita kuma ciwo ya cinye ta, ƙafafu sun kumbura, asibiti sun sallamo ta da ƙwayoyin rage zafi kawai. Kowa ya san ma'anar hakan. Ta goya 'ya'yan mutane har ta ranƙwafa, burinta ɗaya ta goya jikanta kafin ta tafi.

Na ce ta bar taurin kai, a ɗora mata shi ko na ɗan lokaci ne, ni zan tallafe kan. Ta harare ni.

"Goyon da ake riƙe wa kai ai ba goyo ba ne. So kike in lahanta yaro don kwaɗayina?"

Na ja tsaki na koma gida, can na sha kukana.

Inna ta daina fitowa tsakar gida. Daga baya zama ma sai an jingina ta da filo. Ɗakin ya ɗauki warin man zafi da fitsari, duk wankin da surukar ke yi. Amma kullum da hantsi sai ta sa a kawo yaron. Da ƙyar ta ja shi, kan ya langaɓe, ta ce da saura. Ɗanta ya roƙe ta da ta ce ya yi kawai, wa zai ƙaryata ta? Ko kallo bai ishe ta ba.

Ranar da surukar ta ƙwala mini kira ta katanga, na ɗauka ta ƙare. Na tarar da Inna kwance, hannu ma ya ƙi ɗaguwa. Da ido ta nuna mini yaron. Ni na ja shi a gabanta, yadda take yi. Kan ya biyo, ya tsaya ƙyam, har ɗan banzan yana waige.

"Sake," ta ce.

Na sake. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ya yi."

Muka yi ƙoƙarin zaunar da ita, ta saki wata ƙara da har yau nake jinta a kunnena. Ba hali. Da ta dawo hayyacinta sai ta ce a juya ta gefe. Muka juya ta tana fuskantar bango, muka kwantar da yaron a bayanta, na zura zani ta ƙarƙashinta na ɗaure a ƙirji. Ƙashi ne kawai da fata, wallahi tsoro ya hana ni ja. Ta ce na yi ɗauri sako-sako kamar wadda ba ta taɓa haihuwa ba, in tamke. Na tamke.

Yaron ya fara ƙananan koke-koke. Ta ɗan motsa kafaɗa tana jijjiga shi, ya yi shiru. Muka zauna a ƙasa ni da surukar. A waje mai gyaran babur yana ta bubbuga ƙarfe.

Ban san lokacin da ta cika ba. Surukar ce ta lura ƙullin zanin ya daina motsi. Ta kai hannu za ta kwance, sai ta fasa. Yaron barci yake, kumatunsa manne da kafaɗar kakarsa, yawunsa ya jiƙa mata riga.