Takardun da Ba Su Ƙone Ba

Sai da Annabin, mai wa'azin da aka taru dominsa, ya kira suna na uku sannan Mama Paulina ta gane abin da ke faruwa.

Filin taron a Kafanchan ya cika maƙil, rana tana dukan tsakar ka. Ita ba neman mu'ujiza ya kawo ta ba, matan Zumunta na majami'arsu ne suka jawo ta daga Kagoro, wai ta zo ta ga bawan Allah da ba a ɓoye masa komai. Ya kira Doreen, ya faɗi yadda giya ta cinye mijinta. Ya kira Serah da cikinta mai yawan zubewa. Ya kira Magdalene da ɗanta da ya ɓace a Legas. Jama'a na ta ihun halleluya, Mama Paulina kuwa ba ta bi su ba, domin haka sunayen suke a jere cikin kwamfutarta, ɗaya na bin ɗaya. Ta kuma san na huɗu.

Afiniki, gwauruwar nan mai sayar da shinkafa da wake a ƙofar sakandare, tana tsaye a gefenta, ido rufe, hannu a sama. Mama Paulina ta ja mata zane ta ce su tafi gida, Afiniki ta ce a bari ya gama mana.

"Akwai wata mace a nan, sunanta Afiniki," in ji Annabin ta lasifika. "Mijinki ya mutu ya bar miki ciwo a jini. Shekara shida kina ɓoye magani a gwangwanin madara. Fito!"

Filin nan gaba ɗaya ya juyo.

* * *

Tun kafin a sa wa majami'arsu rufin kwano, matan Zumunta ke da al'adarsu. Kowace Alhamis kwando yakan zagaya, kowa ta jefa damuwarta a rubuce. Magatakarda kaɗai ke karantawa, ta yi addu'a, sannan ta ƙone takardun a gindin mangwaro a kan idon kowa. Shekara goma sha tara Paulina Kumai, tsohuwar malamar firamare, tana riƙe da wannan amana, ko mijinta bai taɓa jin kalma ɗaya ba.

Tsufa ne ya ɓata lamarin. Ta fara mance wa ke da wace damuwa, abin ya dame ta. Da 'yarta Tamar ta aiko mata da kwamfuta daga Abuja, sai ta riƙa shigar da komai kafin ta ƙone, don ta ambaci kowace mace da sunanta a addu'ar safe. Ba ta gaya wa kowa ba. A ganinta ai ƙauna ce.

Da babban taron shekara ya matso, ta kai kwamfutar wani shago kusa da tasha a buga mata tsarin sujada. Mai shagon, Christopher, magidanci ne mai ladabin da ya wuce misali, har kujerarsa ya ba ta. Ya nemi lambar sirri, ta kifa kwamfutar ta nuna masa, ga ta nan a takarda manne da salatif, abin da Tamar ta hana ta har ta gaji.

"Momi, je ki yi cefane, kafin ki dawo na gama," ya ce.

Da ta dawo ta ga wani ɗan abu kamar yatsa soke a gefen kwamfutar, yana ƙyafta wuta. Ya zare ya jefa aljihu, ya ce datti yake share mata. Ta sa masa albarka, har da lemo huɗu ta ba shi.

Shi ne ta hango ranar taron, zaune bayan Annabin, yana daidaita lasifika.

* * *

Mako uku shinkafar Afiniki tana dawowa gida a kula, iyaye sun hana 'ya'yansu saya. Amma ba wannan ya fi tsorata Mama Paulina ba. Annabin ya ce an warkar da ita, shan magani kuma rashin bangaskiya ne, Afiniki kuwa ta yarda, ta daina sha. Wanda ya ga gwangwanin madara daga sama, yaya za a yi masa musu?

Mama Paulina ta goge komai daga kwamfutar, ta ɓare takardar nan ta yayyaga, duk da ta san aikin banza take yi. Kunya ta hana ta cin abinci. In ta yi shiru, sunanta zai tsira. Afiniki ce dai ba za ta tsira ba.

Ta same ta da hantsi a kan tabarma, ta rame, tana tari. Ta durƙusa a gaban macen da ba ta wuce sa'ar 'yarta ba, ta faɗi komai: kwamfutar, shagon, lemon.

Afiniki ta ɗago ta dube ta.

"Kenan ba Allah ne ya faɗa masa ba?"

"Ba shi ba ne, 'yata."

"Na yi ta kuka, ina cewa me na yi wa Ubangiji da zai tona ni a gaban mutane. Ashe ke ce, Mama. Amma na gani da idona kin ƙona."

Afiniki ta miƙa hannu ƙarƙashin gado ta jawo gwangwanin, ta haɗiye ƙwaya ɗaya da ruwan randa, sannan ta juya wa Mama Paulina baya.

* * *

Ranar Alhamis Mama Paulina ta tsaya gaban Zumunta ta sake faɗin komai. Babu wadda ta zage ta, da ma sun zage ta da ta fi jin sauƙi. Aka yi waƙa, aka karanta Zabura, kwando ya zagaya mata arba'in da biyu kamar kullum, ya dawo hannunta.

Ta fita gindin mangwaro ita kaɗai. Ta ƙyasta ashana, ta leƙa cikin kwandon, babu ko takarda ɗaya. Tana tsaye a nan har wutar ta kai yatsunta.