Ta Bakin Taga

Ni Gwadabe, ni ne hedimastan wata 'yar firamare a ƙauyukan Achika a shekarun da kuɗin mai ya ɓarke, gwamnati ta ce kowane yaro ya zo boko kyauta. To, sun zo kuwa! Aji biyu ne masu rufin kwano, saura duk a gindin darbejiya. Malaman ma haka aka turo mana su, kwas na 'yan watanni, ga alli, Allah ya ba da sa'a. Mace ɗaya ce a cikinsu, Malama Barakatu, kuma wallahi ta fi mazan amfani.

'Yarta ta fari, Murja, tana ajinta, aji uku, amma baƙo ba zai taɓa ganewa ba. Tun yaye aka ba da yarinyar riƙo ga Hansai, yayar mijin Barakatu, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Kuma kun san kunyar ɗan fari a wajenmu: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Barakatu ta riƙe wannan kunya hannu bibbiyu. In tana kiran suna da safe ta zo kan Murja, sai ta ɗaga kai kawai ta duba, ta wuce na gaba. In tambaya ce ta zo kanta, sai ta ce, "Ke ta bakin taga." Matan gari har yabonta suke yi, wai boko bai ɓata ta ba.

A daminar nan Hansai ta kwanta, ba ta tashi ba. Bayan sadakar arba'in Babba, surukin Barakatu kuma kakan yarinyar, ya yanke magana: da an yi hutu za a kai Murja Kaduna wajen Auta, ƙanwar ubanta, wadda mijinta ya samu aiki a masaƙa. Uban yarinyar yana can Ikko neman kuɗi, ko da yana nan ma ba zai buɗe baki kan 'yar fari ba. Babu wanda ya tambayi Barakatu. Wa zai tambaye ta? Ai ita ce mai kunyar nan da ake kwatance da ita.

Rannan na shiga ɗakin ajiyar littattafai na same ta tana kuka a tsakanin kwalaye, ta toshe bakinta da gefen gyale. Raina ya ɓaci, na ce, "Haba Malama! In kina son 'yarki, ki je ki faɗa wa Babba mana."

Ta ce, "Da wane bakin, Malam?"

Na tausaya mata ƙwarai, kuma na ji haushinta.

Ana saura kwanaki kaɗan hutu aka turo mana mai duba makarantu daga Wudil, Malam Sharhabilu, saurayi mai fara'a a kan sabon babur. Darasin zamantakewa ya zo gwadawa, sabon darasin da aka kawo a madadin tarihi da labarin ƙasa. Tunda hannun yaran bai faɗa da rubutu ba, da baki za a yi, ɗaya bayan ɗaya, shi yana tambaya, malamar aji tana ba da maki, ni ina shaida. Tambayoyin babu laifi: wace rana kasuwar Wudil take ci, mene ne aikin mai unguwa, me ake samu a kogi. Sai ta ƙarshe, a kan iyali: yaro ya faɗi sunan ubansa da na uwarsa.

Na ce, "Malam Sharhabilu, kai ma ɗan Kano ne. Wane yaro mai tarbiyya ne zai kama sunan uwarsa gatsal a gaban manya?"

Ya yi dariya ya ce shi ma ya sani, ranka ya daɗe, amma haka tsarin ya zo, so ake a ga ko yaro ya san mutanen gidansu. Muka daidaita a kan yaro ya kwatanta kawai. Sai yara suka dinga zuwa suna mutsu-mutsu, wannan ya ce innarsa takwarar Fatsuma ce ta bencin gaba, waccan ta ce babanta shi ne mai ɗinkin bakin masallaci. Barakatu tana ba da maki, kanta a sunkuye.

Da aka zo kan Murja, kamar kullum, Barakatu ba ta kira sunanta ba, ni na yafito yarinyar. Ta taso daga bakin taga, 'yar siririya, ɗankwalin marigayiya Hansai a kanta ya yi mata yawa. Kasuwa Juma'a, ta ce. Mai unguwa yana sasanta rigima, yana karɓar baƙi. Kogi kuwa kifi, da yashi, da lambu da rani. Malam Sharhabilu ya ji daɗi, ya ce madalla, wannan ai ita ce ta ɗaya.

"To, wace ce innarki?"

"Inna ta rasu."

"Allah ya jiƙanta," in ji shi, murya ta yi ƙasa. Wata yarinya mai shegen surutu a baya ta ce, "Malam, ba ita ta haife ta ba!" Na daka mata tsawa, amma magana ta riga ta fita. Shi kuwa bawan Allah bai san komai ba, ya juyo a hankali ya ce, "To wadda ta haife ki fa, kin san ta? Ba sai kin faɗi suna ba."

Murja ta dubi ƙasa. Ta murza babban yatsan ƙafarta a siminti. Can ta ce, "An ce Malama ce." Sannan ta ƙara, ba da fushi ba, kamar yadda ta faɗi ranar kasuwa, "Amma ita ba ta san sunana ba."

Innalillahi. Ajin nan mai hayaniya kamar kasuwar kara ya yi tsit. Ashe duk shekarun nan da manya suke yabon kunyar Barakatu, abin da yarinyar ta fahimta ke nan, kuma babu wanda ya taɓa yi mata bayani.

Malam Sharhabilu ya dube ni, ya dubi Barakatu, zufa ta karyo masa. Sai ya faɗi abin da yake faɗa bayan kowane yaro: "Malama, ta ci?"

Barakatu ta ɗago kai daga takardar maki. Ta san abin da zai biyo baya, ni ma na sani. Yaran nan arba'in da wani abu, kafin azahar kowane gida ya ji. Matan da suke yabonta su ne za su ce boko ya cinye mata kunya, Babba kuwa sai ya yi wata bai amsa gaisuwarta ba. Ta ajiye alƙalamin ta miƙe.

"Maganarta ta farko ta ci," in ji ta. "Ta biyun, ta sunan, ba haka ba ne." Ta dubi yarinyar. "Murjanatu. Zo nan."

Yarinyar ba ta motsa ba, ta waiga baya tukuna kamar akwai wata mai sunan. Barakatu ta taka da kanta ta je ta durƙusa a gabanta, ta gyara mata ɗankwalin da ya zame, ta ɗaure shi daidai kanta. Sannan ta ɗago ta dube ni, hawaye shaɓe-shaɓe, ta ce, "Malam, a ba ni izini. Zan je wurin Babba yanzu. Ba za ta Kaduna ba."

Na ce, "Tafi. Ni zan ƙarasa makin."

Suka fita, hannun 'yar a cikin na uwar, yara suka yi cincirindo a taga, ban kuwa hana su ba. Ina tsaye a bakin ƙofa lokacin da suka kai gindin darbejiya, na ga Murja ta ja ta tsaya, ta ɗaga kai ta dubi uwarta. Da kunnena na ji abin da ta ce.

"Malama, sake faɗa."