Ƙashin Wuyan Malam Shiraishi

Ana cewa mutuwa tana wanke gaba. Ni dai na kai tamanin ban ga ta wanke komai ba.

Da aka turo ƙasusuwan Malam Shiraishi daga ɗakin ƙona gawa, suna bisa faffaɗan tire, da sauran ɗumi. Mu tsofaffin ɗalibansa muka kewaye su. Tun muna 'yan mata da samari yake koya mana rubutun buroshi, bai bar ɗa ba, matarsa kuma ta riga shi. Mu ne danginsa.

Kuramochi ya tsaya daga wajen kai, cikin baƙar kwat mai tsada. Shi ne wanda ya jira hannun Malam ya fara rawa, ya kwashe ɗaliban makarantar, ya buɗe tasa a birnin Sendai da sunan Malam a ƙofa. Duk shekarun da Malam ya yi a kwance, ni da abokiyar karatuna Fusae muke juya shi, muna ba shi kunun shinkafa da cokali. Kuramochi sau ɗaya ya zo, da mai ɗaukar hoto. Yau kuwa ya taho da manyan ɗalibansa su shaida.

Ma'aikacin wurin ya raba mana dogayen tsinkaye na ɗaukar ƙashi. Bibbiyu muka riƙa ɗaga ƙashi muna sawa a tulu, daga ƙafa zuwa sama, don kada mamaci ya zauna a kife. Ba a ɗagawa mutum ɗaya. Daga ƙarshe ya nuna ƙaramin ƙashin wuya, wanda ake cewa siffar Buda ce, jagoran addininmu, yana zaune. Na koyar da ilimin halittu har na yi ritaya, na san gaɓar wuya ce ta biyu, ba wani abu ba. Amma wanda ya ɗaga ta, shi kowa zai kira magajin Malam, kuma ita ta kawo Kuramochi.

Ya matso, ya ɗora tsinkensa a gefe ɗaya, yana jiran abokin ɗagawa.

Babu wanda ya motsa. Na riga na bi tsofaffin ɗaliban gida-gida tun Malam yana numfashi, na ce kada kowa ya kama masa.

"Horiuchi, zo ka kama mana," in ji Kuramochi.

Tsoho Horiuchi, ɗaya daga cikinmu, ya dafa kunne. "Me? Ai na kurumce tun shekarar da ka ƙaura."

"Yaya Tomie," ya juyo gare ni, yana murmushin dole, "ke ce babbarmu."

"A'a, wa ni! Ni mai wankin zanen gado ce kawai. Kira mai hotonka ya kama maka."

Wani ɗalibinsa ya yi taku ɗaya. Fusae, da ba ta kai masa kafaɗa ba, ta dube shi. "Ɗan nan, ka taɓa jin muryar mamacin?" Ya koma inda yake.

Kuramochi ya tsaya a sunkuye, wuyansa ya yi ja. In ya ɗaga shi kaɗai, abin kunya ne da ba a taɓa gani ba. In ya ajiye kuma, ɗalibansa suna kallo. Ban taimake shi da ko tari ba. Ma'aikacin ya zuba wa bango ido.

Da ya gaji, ya ajiye.

Ni da Fusae muka kama. Mun saba ɗaga mutumin nan tare. Ƙashin ya shiga tulu lafiya.

A bakin ƙofa Kuramochi ya tare ni, murya ƙasa-ƙasa. "Da Malam yana nan, da ya yafe mini."

"Ƙwarai kuwa," na ce. "Shi ya sa na jira sai da ya mutu."